Ba A Rana Ɗaya Ake Tada Makarantar Da Ta Durƙushe Ba

A wata Lahadi ta ranar yara, mun halarci sujada a wata ekklesiya ta ƙauye wadda take da makarantar firamare tata ta kanta a bayan majami'a. Da lokacin karatun Littafi Mai Tsarki ya yi, sai aka kira wata yarinya 'yar aji 6. Ta fito tsaf cikin kayan makaranta, ta buɗe Littafi, ta zuba ayoyi tiryan-tiryan babu gargada. Jama'a suka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa, mahaifiyarta kuwa har da hawayen murna.

Bayan an tashi, matar fasto, wadda tsohuwar malamar makaranta ce, ta kira yarinyar gefe domin ta sa mata albarka. Cikin raha ta juya shafi, ta ce, "To 'yata, ɗan karanta mini nan kuma in ji." Yarinyar ta dubi takarda, ta dubi ƙasa, can ta ce a hankali, "Mama, ba a koya mana nan wurin ba." Ashe hadda ce, an yi makonni ana biya mata. Ko kalma guda ba ta iya haɗawa ba sai da aka kama mata.

Abin da ya ƙara tsaya mana a rai shi ne, a cikin watan nan ne ekklesiyar ta yi gagarumin bikin neman gudummawa domin makarantar. An gayyato manyan baƙi daga birni, an tara abin da aka tara, aka yi wa azuzuwa fenti, aka kafa ƙofar ƙarfe da babban allon suna. A duk jawaban ranar, babu wanda ya tambayi yara nawa ne suka iya karatu. Iyayen yarinyar nan manoma ne, shekara 6 suna sayar da hatsi suna biyan kuɗin makaranta, sun amince da mu domin sunan Ubangiji yana rubuce a jikin allon. Wannan amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta.

Saboda haka ne muka keɓe filinmu na wannan mako domin magana ɗaya: makarantar da ta shekara 20 tana lalacewa, biki na wuni guda ba zai tashe ta ba. Tana bukatar shiri rubutacce na shekaru, wanda zai fara da faɗin gaskiya, kuma wanda ba zai mutu ba ranar da aka yi wa fasto ko hedimasta canjin wurin aiki.

INDA MUKA FITO

Tsofaffinmu suna ba da labari cewa a wurare da dama, mai neman baftisma sai ya zauna ajin karatu tukuna, domin ya iya buɗe Littafi da kansa, kada ya dogara ga bakin wani. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito gaba ɗayansa a 1932, a ƙauyuka da yawa shi ne littafin farko da ya shiga hannun manomi. Mai bishara shi ne malami, majami'ar ciyawa ita ce aji, ƙasa kuwa ita ce allo.

Amma abin lura a tarihin nan shi ne haƙuri. Mishan na 'Yan'uwa sun sauka Garkida a 1923, ba su buɗe makarantun Waka kusa da Biu ba sai 1952, kuma horon malamai yana cikin abin da suka sa a gaba. A Gindiri, mishan na SUM sun soma horar da masu bishara da malamai a 1934, aka shekara 16 kafin a buɗe sakandaren maza a 1950, ta mata kuwa sai 1958. A Wusasa, inda aikin Likita Miller ya koma daga birnin Zariya a 1929, makarantar mishan ta wurin ita ce ta ba mutane irin su Janar Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu tushen karatu.

Ba muna cewa makarantun dā ba su da aibi ba ne. Yaran da suka samu shiga kaɗan ne, bulala ta yi yawa, wani sashe na kuɗin kuma daga ƙetare yake zuwa. Duk da haka sun bar mana darasi: sukan fara samar da malami kafin su ƙara aji, ba sa ɗora bene a kan tushen da bai bushe ba.

YADDA AKA DURƘUSHE

A cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan. A watan Satumba na 1976 kuma gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Niyya ce mai kyau, ta kuma buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa, amma shirin bai kai girman niyyar ba. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji 1, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka ɗauki waɗanda su kansu ba su ƙoshi da karatu ba. Kafin a farfaɗo, farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya, albashin malami ya zama abin tausayi.

Daga nan sai aka shiga kafawa da rushewa. An kafa hukumar kula da ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake dawo da ita a 1993. A tsakanin nan malamai a wurare da yawa sun yi watanni babu albashi. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shirin ilmin bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilmin tushe, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Sau da dama kuɗin yakan yi kwantai domin jihohi ba su kawo nasu ba. Ko a kwanan baya, a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka soke wannan manufa aka koma Turanci. Yaron da ya shiga aji 1 a shekarar da aka kafa manufar bai ko kai aji 6 ba aka janye ta.

Sakamakon duk wannan yana nan a rubuce. Binciken gida-gida da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar tare da asusun UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14, kimanin 27 cikin 100 ne kawai suke iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi, masu iya lissafin tushe kuwa kimanin 25 cikin 100. A jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas abin ya fi haka muni.

Ganin halin da makarantun gwamnati suka shiga ne ya sa ekklesiyoyi suka koma buɗe nasu. Akwai waɗanda suka yi suna na gaskiya, muna kuma gode wa Allah dominsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da yawa an buɗe su ne domin ekklesiyar maƙwabta ta buɗe, ko domin a samu 'yar hanyar kuɗin shiga, ba tare da an zauna an ƙidaya abin da aikin zai ci ba. Ubangijinmu kuwa ya riga ya yi mana gargaɗi a kan mutumin da ya kafa tushen gini bai lissafta ƙarfin aljihunsa ba, ya bar kango mutane suna wucewa suna dariya.

MAGANIN GAGGAWA DA MUKA SABA DA SHI

Idan sakamakon jarrabawa ya fito da muni, iyaye suka fara cire 'ya'yansu, akwai magunguna da muka saba rarumowa. Mukan yi bikin neman gudummawa mu yi fenti. Mukan cire hedimasta mu kawo sabo, shi ma bayan shekara ɗaya mu cire shi. Mukan canza wa makaranta suna, mu ƙara mata wata kalmar Turanci mai nauyi, mu ɗinka sabbin kayan makaranta. Mafi muni duka, wasu sukan lallaɓa su shirya da masu kula da jarrabawa, a rubuta wa yara amsa a kan allo, sa'an nan a zo ranar Lahadi a ba da shaidar cewa Allah ya yi abin al'ajabi. Wannan sata ce, kuma yaron da aka yi wa ita shi aka fara sacewa.

Ko gwamnati ma ta gwada maganin gaggawa. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa daidai da ta aji 4, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su aka ɗauki sababbi. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357 bayan wata jarrabawar. Jama'a sun rabu biyu a kan wannan mataki, kowane ɓangare da hujjarsa. Abin da mu muka ɗauka daga ciki shi ne, jarrabawa tana iya nuna ciwo, amma ba ita take haifar da malami nagari ba. Malami renonsa ake yi, reno kuwa yana cin shekaru.

WANI GARI DA YA YI HAƘURI

Domin kada wani ya ce talauci ne ya ɗaure mu, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa mu ga abin da haƙuri ya yi. A arewa maso gabashin Brazil akwai wani gari mai suna Sobral, a Jihar Ceará, yanki ne mai zafi da ƙarancin ruwan sama, kuma yana cikin yankunan da suka fi talauci a ƙasar. Mutanensa kimanin 200,000 ne. Da farko shugabannin garin sun zuba kuɗi a gine-gine da ƙara yawan yara a makaranta, kamar dai yadda muke yi. Sai a wajen 2001 suka gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kusan rabin waɗanda suka gama aji 2 ba su iya karatu ba.

Ba su ɓoye wannan abin kunya ba. Suka tsai da buri guda wanda ko jahili zai gane: kowane yaro ya iya karatu tun a azuzuwan farko. Suka daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa da sanayya, sai wanda ya ci gwaji. Suka ba malamai littattafan jagora da horo a kai a kai, suka riƙa auna yara da ma'aunin da ba malamin aji ne ya shirya ba, idan yaro ya yi fashi kuma a bi shi har gida. A 2005 garin yana matsayi na 1,366 a ma'aunin ilmin ƙasar. A 2015 ya zama na ɗaya cikin ƙananan hukumomi fiye da 5,500, ya kuma sake zama na ɗaya a 2017. An yi ta canza shugabannin gari a cikin shekarun nan, amma kowane sabo ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. Kusan shekara 15 ke nan a kan buri ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

SHIRIN SHEKARA SHIDA

To, mu fa, yaya za mu yi? Shawararmu ga kowace majalisar ekklesiya mai makaranta ita ce ta rubuta shiri na shekara 6, wato tsawon zaman yaro a firamare, domin yaron da ya shiga aji 1 a shekarar farko shi ne zai zama shaida a kanmu ranar da ya fita.

Da farko, a auna. Kafin Nehemiya ya yi wa kowa maganar gyaran garun Urushalima, sai da ya fita da dare ya zaga ya ga ɓarnar da idonsa. Awon nan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A rubuta takarda guda mai matakai: baƙaƙe da wasula, sai gaɓoɓi irin su ba, ki, mu, sai kalmomi, sai 'yan jimloli, sai ɗan labari. A ɓangaren lissafi a sa gane lambobi, da tarawa, da ɗebewa mai aro, da rabawa. A zauna da yaro shi kaɗai a inuwa, cikin sakin fuska, a ga matakin da ya tsaya. Kada malamin ajinsa ya yi awon. Muna da tsofaffin malamai da suka yi ritaya, da 'yan zumuntar mata masu ilmi, da ɗalibanmu na manyan makarantu da suke zuwa hutu. A rubuta sakamakon a babban littafi mai kauri, a maimaita sau biyu a shekara, a karanta jimillarsa a gaban iyaye ba tare da ambaton sunan yaro ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na biyu, a koyar da yaro daga inda yake. Ɗan aji 5 da bai san baƙaƙe ba, ko an shekara ana karanta masa littafin aji 5 babu abin da zai shiga. Wata ƙungiya a ƙasar Indiya mai suna Pratham ta fito da wata dabara mai sauƙi: a keɓe sa'a ɗaya ko biyu kowace rana, a raba yara bisa ga matakin karatunsu ba bisa ga aji ko shekaru ba, wanda ya ƙware ya hau rukuni na gaba. An gwada dabarar an sake gwadawa, binciken da aka yi a kanta kuma yana cikin ayyukan masanan da suka samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019. A nan gida ma an gwada ta da Hausa a Jihar Borno, da kuma ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano daga 2019. Abin da take bukata shi ne alli, da 'yan katuna, da tsinken tsintsiya ko duwatsun ƙirga, da malamin da ya yarda ya durƙusa kusa da yaro.

Na uku, harshe. Yaranmu da yawa suna tashi da Tyap, ko Berom, ko Bura, ko Ngas, ko Tangale a gida, Hausa kuma a kasuwa da majami'a. Yaro ya fi saurin gane sirrin baƙaƙe cikin harshen da yake ji, idan ya gane kuwa yakan ɗauki sirrin ya kai shi Turanci. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada haka a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, aka kuma tarar ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin ma. Littattafan shirin "Mu Karanta!" da aka yi amfani da su a jihohin Bauchi da Sakkwato sun nuna ana iya tsara koyon karatu da Hausa daki-daki. Makaranta za ta bi manufar gwamnati ta lokacinta, amma ajin yamma da makarantar Lahadi a hannunmu suke, nan ne kakanninmu suka koyi karatu tun farko.

Na huɗu, malami. A nan ne gaskiyar shirinmu za ta bayyana. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 shi ne naira 70,000 a wata. Ko da yake doka ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, lamirinmu bai ɗauke mana ba. Akwai makarantunmu da suke biyan malami abin da bai kai rabin haka ba, a kuma biya shi a makare, idan ya yi magana a ce masa aikin Ubangiji yake yi. Irin wannan malami ƙafarsa ɗaya tana waje, da ya samu wani aiki sai ya tafi a tsakiyar zango. Shirin shekara 6 ya ƙunshi yadda za a ɗaga albashi mataki-mataki, da ɗakin kwana da 'yar gona ga malamin ƙauye, da tura aƙalla malami ɗaya kowace shekara ya nemi takardar NCE, ko a kwalejin ilmi ko ta karatun nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, da yarjejeniyar zai dawo ya yi wa makarantar aiki na wasu shekaru. Kowane mako kuma malamai su zauna sa'a guda, ɗaya ya koyar sauran su duba su gyara masa.

Na biyar, hedimasta. A zaɓe shi domin ya iya aiki, ba domin ɗan dattijon ekklesiya ne ko surukin fasto ba. A ba shi wa'adi mai tsawo da ikon shiga aji ya duba koyarwa, kada a mai da shi mai karɓar kuɗin makaranta kawai. A ƙarshen shekara a auna shi da abin da babban littafin nan ya nuna, da rajistar zuwan malamai da yara.

Na shida, kuɗi. Yusufu ya ceci Masar ne domin ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi. Majalisa ta tsai da wani kaso sananne daga baikon godiyar kaka, ya shiga asusun makaranta na dabam, mai sa hannun mutum uku, a kuma daina ɗibar kuɗin makaranta ana zuba wa ginin majami'a ko sayen mota. Wajen kashewa a bi tsari: albashi tukuna, sai littafin karatu a hannun kowane yaro, sai rufi da benci, sai ruwan sha da makewayi, musamman na 'yan mata, domin rashinsa yana korar waɗanda suka fara girma. Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da makarantar Bethel ta Baptist a Kaduna a 2021, da Papiri a Jihar Neja a 2025, babu mai makaranta da zai rubuta shiri ya bar maganar katanga, da masu gadi, da yadda za a sanar da jami'an tsaro da gaggawa. Fenti shi ne na ƙarshe.

Na bakwai, wanda zai riƙe shirin. Fastocinmu ana yi musu canji bayan 'yan shekaru, kowane sabon zuwa kuma yana so ya bar abin da za a tuna da shi. Saboda haka shirin ya zauna a hannun kwamiti na mazauna gari, maza da mata, har da iyayen da ba su yi boko ba amma suna da kishi. Gunduma ta sa masa hannu, kwafinsa ya shiga cikin takardun da tsohon fasto zai miƙa wa sabo, a kuma karanta rahotonsa a taron shekara kamar yadda ake karanta na kuɗi.

Idan aka bi wannan, ga abin da za a sa ido a gani. A shekarar farko, an san gaskiya, malamai da yara suna zuwa a kan lokaci. Zuwa shekara ta 3, duk wanda ya gama aji 2 yana haɗa kalmomi da kansa. Zuwa ta 6, mai fita yana karanta labari da Hausa da Turanci ya ba da ma'anarsa, yana rubuta wa kakarsa wasiƙa, yana lissafa wa ubansa kuɗin taki ba a cuce shi ba.

ABIN DA ZAI YI MANA ƊACI

Kada mu ruɗi kanmu, shirin nan zai taɓa girman kanmu. Wata ekklesiya za ta jingine burinta na buɗe sakandare sai firamarenta ta tsaya da ƙafafunta. Wasu ƙananan makarantu biyu na ɗariku dabam-dabam a ƙauye ɗaya, gara su haɗa ƙarfi su riƙe malamai nagari da kowace ta riƙa jan ciki ita kaɗai. Za a gaya wa wani dattijo cewa 'yarsa ba ta isa koyarwa ba tukuna, sai ta ƙaro ilmi. A shekarar da aka daina satar jarrabawa sakamako zai faɗi, wasu iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Sai a daure, a kuma yi musu bayani tun da wuri.

Masu kira ga gwamnati ta maido mana da makarantunmu na dā suna da hujja, an kuwa yi haka a wasu wurare. Jihar Legas ta mayar da wasu a 2001, Jihar Anambra ta mayar da firamare fiye da 1,000 a 2011, ta ci gaba da biyan albashin malamai. Amma kafin mu ɗaga murya, mu tambayi kanmu yadda muka riƙe 'yar ƙaramar da take hannunmu yau.

Kada kuma mu manta, yawancin 'ya'yanmu a makarantar gwamnati suke, tare da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, a benci ɗaya ko a ƙasa ɗaya. An tanadi kwamitin al'umma mai kula da kowace makarantar gwamnati, da kujerun iyaye, da mata, da sarakuna, da shugabannin addini. Sau nawa muka zauna a kujerarmu? Idan fasto da liman da mai unguwa suka jera suka tafi ofishin ilmi na ƙaramar hukuma da takardar awon yaransu a hannu, maganarsu ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, jahilci kuwa ba ya tambayar addinin yaro kafin ya kama shi.

Game da yarinyar da muka fara da labarinta, matar faston nan ba ta tona mata asiri ba. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanta, da yamma sau uku a mako, ta fara da ita daga baƙaƙe. Ba a jima ba wasu yaran suka biyo. Da muka koma bayan kaka, mun same ta tana bin layi da yatsa, a hankali, tana tuntuɓe tana tashi, amma duk shafin da aka buɗe mata tana shiga. Mun yi murna, sai dai murnar ba ta cika ba, domin ƙannenta biyu suna aji 1 da aji 3 a makarantar nan mai sabon fenti, kuma ba kowane ƙauye ne yake da irin wannan uwa ba. Ita ma wata rana za a yi wa maigidanta canji.

Don haka muna roƙon dattawa da fastoci da shugabannin zumuntar mata, kafin wannan zango ya ƙare, a sa maganar makaranta a kan gaba a taron majalisa, a tsai da ranar da za a zauna da yara ɗaya bayan ɗaya. Duk ekklesiyar da ta yi awon, ta rubuto mana abin da ta gani da matakin da ta ɗauka, za mu buga domin wasu su ƙaru.

Ubangiji ya ba mu zuciyar faɗin gaskiya, da haƙurin manomi mai jiran kaka. Amin.